Baƙin Hayaƙin Ranar Idi

Litinin, ranar ƙaramar Sallah, bayan magariba

Na juya littafin nan na fara daga baya. Ta gaba akwai rubutu, ba na son ganinsa.

Kwana shida ke nan da barinmu Firitawun, muna ɗauke da ganyen shayi da rama daga Kalkata zuwa Ingila. Da safe jiragen ruwa talatin da ɗaya ne a ayarinmu. Yanzu talatin.

An yi Idi a saman jirgi. Ni na ja salla, ni na yi huɗuba. Rois mai girki ya dafa mana shemai, taliya mai zaƙi irin ta gida, da madarar gwangwanin da ya yi wata guda yana ɓoyo. Rabin tukunyar na nan, babu mai kallonta.

Talata, hantsi

Ni ne sarang, wato shugaban ma'aikatan ɗakin wuta, inda ake zuba wa murhun jirgi kwal. Mutum ashirin da bakwai ne a ƙarƙashina, duk ni na kwaso su daga ƙauyukanmu na Silet. Na san uwar kowa, uwar kowa kuma ta san ƙofar gidanmu. In jirgi ya dawo babu ɗan wani, ba Bature ake zuwa tambaya ba, ni ake zuwa tambaya.

Jirgin da maƙiya suka harba jiya shi ne na hannun damanmu. Torab yana ciki, ɗan Baffa Kolim Ulla, dattijon da ya fi kowa daɗewa a bakin murhu a cikinmu. Torab mai zuba wa inji mai ne, magidanci da 'ya'ya biyu. Tun ranar da aka jera mu, kullum da hantsi sai ya fito ya kaɗa farin mayafi, uban ya kaɗa nasa daga nan, samari suna ta tsiya wai tsoho ya yi budurwa a jirgin maƙwabta.

Bayan azahar abin ya faru. Ƙara ɗaya, ruwa ya tashi sama har ya fi bututun hayaƙinsu tsawo. Jirgin bai kai minti biyar a kan ruwa ba. Mun wuce kusa da waɗanda suka faɗa teku. Da harshenmu suke kira, daga yadda suke kiran uwa ma na gane 'yan wane yanki ne. Doka ce, ayari ba ya tsayawa, wanda ya tsaya shi ne na gaba. Ba mu tsaya ba. Mu ne ma masu zuba kwal ɗin da ya hana a tsaya.

Ɗazu Baffa ya hau sama da mayafinsa a kafaɗa. Wani jirgi ya riga ya matso ya cike gurbin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauko ya ɗauki shebur.

Laraba, bayan azahar

Injiniya na biyu, wanda muke kira Jan Gemu, ya tara mu a ɗakin wuta. Kowa ya san abin da ya kawo shi. Wanda ya yi mako guda a aikin nan ya san baƙin hayaƙi da rana kiran mutuwa ne, daga mil ashirin jirgin ƙarƙashin ruwa ke hango shi. Shi ya sa ake ba murhu kwal kaɗan-kaɗan, shebur huɗu, a baza, a rufe, a koma na gaba. In ka jibga masa da yawa a lokaci ɗaya sai ya shaƙe ya yi ta aman baƙi.

Ya ce, “Sarang, minti goma na ba ku don sallarku, da sharaɗin a bar mutum ɗaya a ƙasa. Kwata guda bututuna yana tiƙar hayaƙi, har jirgin shugaban ayari ya ɗaga mana tuta. Wa kuka bari?”

Kafin in buɗe baki Baffa ya tako gaba.

“Ni ne, Sahab.”

“Kai, Kolim? Shekararka nawa a bakin wuta?”

“Talatin da ɗaya, Sahab. Ban taɓa yin hayaƙi ba. Ranar nan murhu shida na riƙe ni kaɗai, hankalina kuma yana sama wajen salla. Ina jin ukun baya na ba su sau biyu, lissafi ya ɓace mini. Tsufa ne, Sahab.”

Jan Gemu ya ce in mun isa Lifaful za a buga masa baƙin hatimi a nali ɗinsa. Nali shi ne littafin shaidar aikin mutum, wanda aka buga wa baƙi a ciki kuwa ya gama hawa jirgi har abada. Baffa ko gezau bai yi ba. Ba hatimin ne a ransa ba. Tsohon nan ya yarda har zuciyarsa cewa hannunsa ne ya nuna wa maƙiya ayari, hannunsa ne ya kashe ɗansa.

Ni ne na ƙarshen fita daga ɗakin wuta ranar nan. Na san abin da ya sami murhun baya, kuma ba Baffa ba ne.

Jan Gemu ya dube ni. “Sarang, akwai magana?”

Na ce, “Babu, Sahab.”

Alhamis, la'asar

Babu, Sahab.

Juma'a, bayan azahar

Sikondor, mataimakina, ya zo wai in fito in ja su salla. Mutumin nan ko a wajen janaza sai ya samo abin dariya, amma yau da gaske yake.

“Sarang Sab, taso mana. Huɗubar nan ta Idi, wallahi har Rois sai da ya yi ƙwalla, shi da albasa ma ba ta sa shi kuka. Limamin garinmu ya ji ta sai ya koma sayar da kifi.”

Na ce maƙogwarona na ciwo.

“Maƙogwaron da ya gama zagin kakannina ɗazu a kan toka? Lafiyarsa ƙalau.”

Na ce ya fita ya ba ni wuri. Shi ya ja su. Ina jinsa daga nan yana tuntuɓe a sura, da can da na leƙa na gyara masa a gaban kowa. Shekara biyu kacal na yi a makarantar allo, amma na fi shekara ashirin ina tunatar da mutane cewa na yi su.

Lahadi, hantsi

Labari ya sauko daga sama. Ƙaramin jirgin da ke bin wutsiyar ayari ya tsamo mutum goma sha ɗaya daga cikin hamsin da huɗu. Ba a san sunayensu ba, ba kuma za a sani ba sai mun kai tudu.

Na tafi da gudu na faɗa wa Baffa. Ya ce, “Allah ya sa.” Ya ci gaba da baza wuta.

In Torab yana cikin sha ɗayan nan, tsoho zai warke. In ya warke, maganar hatimi sai in san yadda zan lallaɓa Jan Gemu. Ka ga babu wanda zai buƙaci sanin komai. Na ƙudurta zan yi azumin wata guda in hakan ta faru. Ina rubutawa ina jin kunyar kaina, mutum yana ciniki da Ubangijinsa kamar yana taya akuya.

Litinin, magariba

Mako guda. Shebur huɗu, a baza, a rufe. Babu hayaƙi.

Laraba, bayan azahar

Baffa ba ya cin abinci. Rois ya ce kwana nawa yana zuba masa shinkafa tana dawowa yadda ta tafi. Yau ya buɗe busasshen kifin da yake tattali tun daga Kalkata, ya daka masa da barkono irin na gida, warin ya cika jirgi har Turawa suna toshe hanci. Ni na karɓi kwanon na kai masa.

“Baffa, ko loma uku.”

“Ajiye, Mosoddor.”

Shi kaɗai ke kiran sunana kai tsaye a jirgin nan, yana da iko. Abokin mahaifina ne. Shi ya kawo ni Kalkata ina ɗan shekara sha tara ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Surma faɗi ba. Shi ya koya mini riƙon shebur, da ƙeyata na koya, don duk sanda na zuba na biyar sai na ji tafi.

Na ce, “Ai ba a tabbatar hayaƙin ne ba. Wataƙila tun kafin nan suna bin mu.”

Ya ce, “Kai ma ka san shi ne. Kada ka yi mini ƙarya don ka ji tausayina, ba ka iya ba.” Ya miƙa hannunsa na dama yana juya shi. “Kullum sai na sake ƙirgawa. Na gaba uku, na baya uku, na gaba uku. Ban ga inda na ɓata ba. Shi ne abin da ke ba ni tsoro, mutum ya yi abu irin wannan bai ma san ya yi ba.”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Kifin zai huce.”

Juma'a, azahar

Maƙogwaro dai.

Asabar, la'asar

Sanyi ya fara, mun shiga ruwan arewa. Teku ya yi toka-toka, jirgi na ta tangaɗi, kwal na zubowa mutane a ƙafa.

Na mari Sikondor. Na shigo wurin cin abinci na tarar an bar wa Baffa ƙarshen benci shi kaɗai, babu mai zama kusa da shi. Da ya tashi ya fita sai Sikondor ya ce, “A matsa wa Baffa Hayaƙi hanya, kada ya turnuƙe mu.” Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ban san sanda hannuna ya tashi ba.

Ya riƙe kunci yana kallona. “Sarang Sab, ni na yi hayaƙin? Ɗan ƙanwata ma yana cikin jirgin can, ko ka manta? Me ya sa abin ya fi ci maka rai fiye da mai laifin?”

Na ce duk wanda ya ƙara faɗin sunan nan zai kwana yana kwasar toka. Na fita da sauri kafin ya ci gaba da kallona.

Na manta da ɗan ƙanwarsa. Torab kaɗai nake ƙirgawa, alhali mutum arba'in da uku ne.

Lahadi, hantsi

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tun da takarda ba ta da bakin faɗa wa kowa.

Wata guda na yi ina shirya huɗubar nan, duk azumi, in na tashi daga aiki maƙoshina a bushe sai in zauna in gyara kalma. Tana nan a gaban littafin nan, shafi biyar. Minti goma aka ba mu. Raka'a biyu da kabbarori za su cinye shida. Baffa ya ce shi zai tsaya a ƙasa, samari su je, su ne kewar gida ke damu. Ya ce mini, “Ka taƙaita, Mosoddor, mutum ɗaya ba ya riƙe murhu shida fiye da minti goma.” Na ce to.

Da kowa ya hau, yana can gefen gaba, tukunyar tururi ta raba mu, ba ya ganina. Na buɗe ukun baya na ba kowanne shebur goma sha biyu. Na ce a raina hakan zai riƙe su har in kai ƙarshen shafi na biyar ba sai ya waiwaye su ba. Shekara ashirin da biyu ina aikin wuta. Na san abin da goma sha biyu ke yi. Na ce ai na ɗan lokaci ne, ai ranar Idi ce, ai don Allah ake yi.

Ga wanda ya fi. Mai huɗuba jama'a yake fuskanta. Su suna zaune sun ba bututun baya, ni kaɗai nake kallonsa. Ina shafi na biyu ya fara. Baƙi ƙirin, a miƙe, babu iskar da za ta watsa shi. Na gan shi. Na dubi fuskokinsu, kowa ya zuba mini ido, Rois yana share hawaye. Na ci gaba har ƙarshen shafi na biyar.

Na rubuta. Ban ji wani sauƙi ba.

Talata, bayan azahar

Baffa ya faɗi a bakin murhu. Mun ɗauko shi sama, bai fi nauyin buhun shayi ba. Ya farfaɗo yana neman sheburinsa. Na ce ya huta kwana biyu, ya ce in ya zauna ƙirga yake yi.

Saura kwana biyu mu ga ƙasa. Allah ka sa yana cikin sha ɗayan.

Alhamis, la'asar

Lifaful. Ruwan sama, sanyi, gidaje rusassu a bakin tasha. An kawo takardar sunayen, ni kaɗai na iya karatun boko a cikinmu, don haka ni na tsaya na karanta. Na karanta sau biyu, a hankali, kamar a karo na biyu za su ƙaru.

Babu Torab. Babu ɗan ƙanwar Sikondor.

Gobe da azahar za a buga hatimi a nali.

Juma'a, hantsi

Baffa ya kira ni bayan sallar asuba, yana kwance a gadonsa, ya ce in zo da alƙalami. Ni nake rubuta wa kowa wasiƙar gida.

“Rubuta wa uwar Torab. Ka ce ina gaishe ta. Ka ce ta sayar da saniya ta ba matarsa kuɗin. Ka rubuta?”

“Na rubuta.”

“Ka ce Torab ya riga mu gidan gaskiya ranar Sallah. Ka ce kada ta zagi Bature, kada ta zagi teku. Ka ce mijinta ne ya yi sakaci da wuta, shi ya jawo. Ka ce in ta ga dama kada ta yafe mini.”

Alƙalamin ya ƙi tafiya. Na san matar nan, ta sha ba ni abinci a tsakar gidanta. Za ta sa malamin makaranta ya karanta mata, rabin ƙauye na tsaye, da rubutuna.

“Ka tsaya me? Tawada ta ƙare?”

Na ce, “Baffa, ba kai ba ne.”

“Na hana ka wannan.”

“Ni ne. Kana gefen gaba na ƙara wa ukun baya kwal, don in samu lokacin huɗuba. Lissafinka bai ɓace ba. Ba ka ɓata ko shebur ɗaya ba.”

Ban ɗaga kai ba. Ina jin ruwa na ɗiga a rufin ƙarfe. Na jira mari, na jira tsinuwa, da ya yi ɗaya daga ciki da na gode masa. Can ya ce, “Nawa?”

“Goma sha biyu.”

“Kowanne?”

“Kowanne.”

“Ni na koya maka haka?”

“A'a, Baffa.”

Na faɗa masa sauran, cewa na ga hayaƙin ina tsaye ban dakata ba. Ya ɗaga hannunsa na dama ya daɗe yana dubansa, gaba da baya. Sannan ya ɗaga murya, muryar da ban ji ba tun kafin Sallah.

“Rois! Akwai sauran shinkafar jiya?”

Ya tashi zaune ya cinye kwano guda a gabana, yana ci hawaye na zuba a ciki, bai ce mini in tafi ba, bai ce in zauna ba. Da ya gama ya wanke hannu ya ce, “Kwana goma sha takwas ka bar ni da shi, Mosoddor.” Sannan ya ce, “Jan Gemu yana ofishinsa.”

Juma'a, bayan la'asar

Na je. Jan Gemu ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce babu wanda zai iya rantsewa hayaƙin ne, wataƙila kwana biyu suna bin ayarin. Na ce na ji, Sahab. Nali ɗina aka buga wa hatimin. Sikondor ne sarang daga yau. Na faɗa wa mutanena da bakina a wurin cin abinci, Sikondor ya tofar da yawu gefe ya fita. Zan koma gida a matsayin ɗan kwasar toka, a kan jirgi na ƙarshe da zan hau.

Asabar, hantsi

Baffa ya aiko in zo da littafin nan. Na ɗauka wasiƙar za mu sake. Na same shi a sama yana zaune a kan murfin rumbun kaya, daidai inda aka yi sahun farko ranar Idi, farin mayafin nan a kan gwiwarsa.

Ya ce, “Wasiƙa ba sai an rubuta ba. Kai za ka je da ƙafarka ka faɗa mata, ina zaune.”

Na ce to.

“Huɗubar tana ciki?”

“Tana ciki.”

“Ni ina ƙasa, ban ji ta ba. Kowa ya ce ta yi daɗi. Tashi tsaye, ka fuskance ni yadda ka fuskance su. Karanta mini duka, kada ka tsallake komai. Ina so in ji abin da aka sayi ɗana da shi.”

Na juya littafin ta gaba. Na tsaya, bututun na bayansa, babu ko ɗigon hayaƙi. Shafi biyar, na karanta su duka, bai ɗauke ido daga kaina ba.

A kan riƙon amana ce.